Ɗalibanmu a Saudiyya da haƙƙin mawallafa: ina iyakar kwafi take?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ara mana fili a jaridarka mu yi magana da ƙannenmu ɗalibai, waɗanda suka zo daga Nijeriya da Nijar da Gana suna karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, da Ummul Ƙura a Makka, da jami'o'in Jidda da Riyad da Zahran, har da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan. Maganar ita ce ta haƙƙin mawallafa, da iyakar abin da ɗalibi zai iya ɗauka daga aikin wani ba tare da ya nemi izini ba.

Hujja uku ake yawan ji a bakin ɗalibi idan aka taɓa wannan batu: ai don karatu ne, ai ban sayar ba, ai na rubuta sunan mai shi. Kowace ɗaya tana da gurbinta a doka, amma babu wadda take wanke mutum ita kaɗai. A ganinmu, ɗalibi ba ya cika shiga matsala saboda abin da ya karanta ko ya tsakuro cikin bahasinsa. Inda ake zamewa shi ne wajen rabawa jama'a da wajen fassara, kuma abin takaici su ne ayyukan da ɗalibanmu suka fi yi da kyakkyawar niyya.

Mu fara da kawar da wani ruɗani. Ƙa'idar da ake kira amfani bisa adalci, wadda ake gani an liƙa a ƙarƙashin bidiyoyin YouTube, dokar Amurka ce. Tana sashe na 107 na dokarsu ta 1976, kuma alƙali ne ke auna abu huɗu a kowace shari'a: manufar amfanin, da irin aikin da aka ɗauko daga ciki, da yawan abin da aka ɗauka da muhimmancinsa, da tasirin da hakan zai yi ga kasuwar mai aikin. Ƙofa ce a buɗe, ba a ƙayyade abin da zai iya shiga ba. Sai dai haƙƙin mallaka yana bin ƙasar da aka aikata abu a cikinta. Wanda ya ɗauki hoton littafi a Madina, dokar Saudiyya ce a kansa, ko da a Landan ko Bairut aka buga littafin. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Berne, ta ƙasa da ƙasa kan kare haƙƙin mawallafa, a 2004, Nijeriya ta riga ta tun 1993, don haka littafin marubucin Zariya yana da kariya a Makka, na marubucin Riyad yana da kariya a Kano. Yarjejeniyar kuma ba ta sharɗanta rajista ko wata alama ba. Rashin ganin tambarin haƙƙin mallaka a jikin littafi ko hoto ba ya nufin ya zama na kowa.

Tsarin Saudiyya daban yake da na Amurka. Dokar kare haƙƙin mawallafi da aka fitar da umarnin sarki mai lamba M/41 a shekarar 1424 bayan Hijira, wato 2003, ta jera abubuwan da aka yafe a sashe na 15, abin da bai shiga jerin ba kuwa sai da izini. Hukumar kula da mallakar fasaha ta Saudiyya, wadda ake taƙaita sunanta da SAIP, ita ke riƙe da wannan fanni yanzu, kuma a shafinta ake samun nassin dokar da duk wani gyara ko sabuwar doka da ta biyo bayanta. Duk ɗalibin da ya iya Larabcin da zai karanta matanin fiƙihu zai iya karanta wannan sashe cikin minti goma, kuma ya kamata ya yi.

Abin da ya shafi ɗalibi kai tsaye a jerin shi ne kwafin aiki don amfanin kai, da tsakuro sassa don kafa hujja a wani rubutu, da amfani da aiki don bayani a wajen koyarwa gwargwadon buƙata. An kuma ba ɗakunan karatu na jama'a damar yin kwafi ɗaya ko biyu, da sharaɗin ba don riba ba, kuma littafin ya ƙare a kasuwa ko ya ɓace ko ya lalace.

Kwafi don amfanin kai yana da togiyar da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar ta cire manhajar kwamfuta, da ayyukan sauti, da na sauti da hoto daga wannan rangwame. Ma'ana, ɗaukar hoton babi daga littafin usulu domin ka yi muraja'a, wato bita, a ɗakinka ya shiga, amma sauke manhajar ƙididdiga ta SPSS ko Microsoft Office da aka fasa makullinsu bai shiga ba, ko da kai kaɗai za ka yi amfani da su, ko da risalarka, wato kundin digirinka, ce ta dogara a kai. Abin da aka yarda da shi a manhaja shi ne kwafi ɗaya na ajiya ga wanda ya mallaki ta asali. Mafita a nan ba ta da wuya: jami'o'i da yawa suna da lasisin irin waɗannan manhajoji ga ɗalibansu ta adireshin imel na jami'a, sai a tambayi sashen fasahar sadarwa. Idan babu, R da PSPP suna yin aikin ƙididdiga kyauta, LibreOffice yana yin na rubutu, Zotero kuma yana tsara manazarta. Manhajar da aka fasa ma sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, kuma ba a son haka a kwamfutar da ke ɗauke da aikin shekara uku.

To, idan an ce amfanin kai, littafi sukutum fa? A nan sai a koma ga ma'aunin da yarjejeniyar Berne ta gindaya a sashe na 9, wanda duk rangwamen da wata ƙasa za ta yi dole ya tsallake shi: ya zama a wasu keɓantattun halaye, kada ya yi karo da yadda aka saba cin moriyar aikin, kada kuma ya cutar da halastaccen haƙƙin mawallafi fiye da kima. Littafin da ke kan kanta a shagunan da ke kewaye da jami'a, idan ajin mutum arba'in kowa ya kai shi shagon fotokwafi an buga masa daga bango zuwa bango, an kashe wa maɗaba'a ciniki arba'in, ko da kowannensu ya ce don kansa ya yi. Shawararmu ita ce a tsaya ga babin da ake buƙata ko maƙala ɗaya daga mujalla. Littafin da ya ƙare a kasuwa shekara da shekaru, al'amarinsa ya fi sauƙi, domin babu cinikin da aka tare.

Amfanin kai yana ƙarewa daga lokacin da fayil ya bar hannunka. Ka ɗauki hoton littafi da wayarka, ka mayar da shi PDF, har yanzu kana cikin da'irarka. Ka tura shi zauren WhatsApp na 'yan ajinku, ko tashar Telegram mai mabiya dubbai, ka zama mai yaɗawa, kuma yaɗawa haƙƙin mawallafi ne da wanda ya ba wa izini. Rashin karɓar kuɗi ba ya canza wannan. Haka nan wanda ya tattara babi daga nan, babi daga can, ya haɗa muzakkira, wato kundin darasi, ya ajiye a shagon fotokwafi ana sayarwa duk zango. A Amurka kanta, mai buɗaɗɗiyar ƙofa, wata kotun tarayya a New York ta ci kamfanin Kinko's diyyar dala 510,000 a 1991 kan irin waɗannan haɗe-haɗen darussa. A Indiya kuwa babbar kotun Delhi ta yanke akasin haka a 2016, a ƙarar da maɗaba'un Oxford da Cambridge da Taylor & Francis suka kai wani shagon fotokwafi na Jami'ar Delhi, saboda dokar Indiya tana da faffaɗan sashe kan abin da aka yi a cikin koyarwa. Aiki iri ɗaya, hukunci biyu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai kare ɗalibi a Madina.

Yanzu ga iƙtibasi, wato tsakure, wanda shi ne abincin yau da kullum na mai bahasi. Dokar ta halatta shi da sharaɗi uku: ya dace da abin da aka saba a fagen ilimi, ya tsaya gwargwadon abin da manufar ta buƙata, a kuma ambaci tushe da sunan mawallafi. Ba ta faɗi adadin kalmomi ba, ba ta faɗi kashi nawa cikin ɗari ba. Zancen da ke yawo cewa kashi 10 cikin ɗari halal ne a ko'ina ba shi da tushe a dokar nan. Ya samo asali ne daga wasu wurare: dokar Ostireliya ta ɗauki kashi 10 ko babi ɗaya a matsayin madaidaicin yanki ga mai nazari, akwai kuma wata yarjejeniyar jagora ta 1976 a Amurka da ta ambaci kalma 1,000 ko kashi 10, wadda ita ma ba doka ba ce. Ƙaramin yanki ma yakan zama laifi idan shi ne zuciyar aikin. A 1985 kotun ƙolin Amurka ta kama wata mujalla da laifi kan kalmomi kimanin 300 da ta ɗauko daga tarihin rayuwar tsohon shugaba Gerald Ford, littafin da ya kai kalma 200,000, saboda ta zaɓo wurin da ya yi bayanin afuwar da ya yi wa Nixon, shugaban da ya gada, kuma kafin littafin ya fito.

Ma'aunin da ya fi amfani ga ɗalibi shi ne ya tambayi kansa me tsakuren yake yi a shafin. Idan ka kawo maganar malami domin ka tattauna ta, ka gwada ta da ta wani, ka rinjayar ko ka yi raddi, tsakure ne na gaskiya. Idan kuwa shafi uku a jere maganar mutum ɗaya ce, naka kawai «ya ce» da «sannan ya ce», to littafinsa kake sake bugawa da sunanka a bango. A aikace, lafazin da ka ɗauko yadda yake ka sa shi cikin alamar zancen wani, ka rufe da hashiya mai sunan mawallafi da na littafi da mai tahƙiƙi (wanda ya tace tsohon matani ya shirya shi don bugawa) da maɗaba'a da lambar bugu da shekara da mujalladi da shafi. Inda ka tsallake wani abu ka sa ɗige uku. Inda ka juya maganar da lafazinka ka rubuta «duba» a hashiya, ko «bi tasarruf», wato da ɗan sauyi, kamar yadda tsarin kwalejinku ya tanada. Abin da ka gani a littafin wani yana naƙaltowa daga na uku, ko dai ka koma asalin ka gani da idonka, ko ka faɗa a fili cewa ta hannun wane ka samo. Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun wajen tattara bayanai: ɗalibi ya kwafo sakin layi daga Maktaba Shamila, manhajar littattafan Larabci, ya zuba a fayil ba alama, bayan wata shida ya manta ba nasa ba ne. Maganinsa a sa alamar da lambar shafin a daidai lokacin da aka kwafo, a kuma gwada lambar da bugun takarda ko hotonsa, domin ba kowane littafi a manhajar ne lambobinsa suka dace da bugun ba.

A lura cewa satar rubutu da keta haƙƙin mallaka ba abu ɗaya ba ne, ko da yake sukan haɗu. Wanda ya kwashe shafi daga malamin da ya rasu shekara 700 da suka wuce bai ambace shi ba, babu magajin da zai nemi diyya, amma kwamitin munaƙasha, wato masu jarraba shi a kan aikin, zai iya rusa risalarsa. Wanda ya sake buga littafin mai rai gaba ɗaya da sunan mai shi ɓaro-ɓaro a bango, bai yi satar rubutu ba, amma ya keta haƙƙi. Manhajojin binciken satar rubutu, Turnitin da iThenticate, kamanceceniyar lafazi kawai suke aunawa. Ƙaramin kaso a rahotonsu ba shaidar izini ba ne, babban kaso kuma wani lokaci ayoyi ne da hadisai da sunayen littattafai. Kowace jami'a tana da nata kason kamanceceniya da ta yarda da shi, sai a duba littafin jagora na sashen karatu mai zurfi, a kuma zauna da mushrifi, wato malamin da ke duba aikin, kan rahoton kafin a miƙa.

Masu karatun shari'a da hadisi suna da wani tarko nasu na musamman. A dokar 2003 kariyar littafi tana ɗaukar tsawon rayuwar mawallafi da shekara 50 bayan rasuwarsa. Saboda haka matanin Imamu Malik ko Ibn Taimiyya ko Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, na kowa ne. Amma bugun da ke hannunka ba matani kaɗai ba ne. Sashe na 3 ya ba tahƙiƙi da sharhi da taƙaitawa da fassara kariyar kansu. Gabatarwar mai tahƙiƙi, da hashiyoyinsa, da binciken tushen hadisan da ya yi, da fihirisar da ya tsara, duk guminsa ne. Shehu Shu'aibu al-Arna'uɗ ya rasu a 2016, don haka aikinsa a kan littafin ƙarni na uku yana da sauran kariya mai tsawo, ko da mai littafin ya fi shekara dubu a ƙasa. Haka ayyukan Shehu Ibn Baz da Shehu Albani, da suka rasu a 1999, da Shehu Ibn Usaimin da ya rasu a 2001. Mai risalar tahƙiƙin makhɗuɗi, wato tsohon rubutun hannu, kuma ya tuna cewa ɗakin karatun da ya ba shi hoton rubutun yakan sa shi sa hannu a kan sharuɗɗa, kuma wannan alƙawari yana kansa ko da matanin ya fita daga kariya.

Wa'adin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Nijeriya shekara 70 take ƙirgawa bayan ƙarshen shekarar rasuwa. Waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, da ya rasu a 1958, sun wuce shekara 50 ɗin Saudiyya tuni, amma a gida kariyarsu tana nan har ƙarshen 2028. Wanda ya shirya littafi a Makka da niyyar bugawa a Kano, lissafin Nijeriya zai yi.

Fassara ita ce inda muka fi jin tsoro, domin aiki ne da ɗalibanmu suke yi don Allah, kuma al'umma tana buƙatarsa. Haƙƙin fassara na mawallafi ne, haka yarjejeniyar Berne ta ce a sashe na 8, haka dokar Saudiyya ta lissafa shi cikin haƙƙoƙinsa na dukiya. Ka fassara layi biyar cikin bahasinka ka jingina, wannan tsakure ne. Ka fassara ɗan littafin wani malami na zamani gaba ɗaya zuwa Hausa, ka buga ko ka saka a intanet, wannan sai da izini, ko kyauta za ka raba a masallaci. Abin da ke biyo baya idan ba a nema ba sananne ne: mutum ya ɓata wata takwas yana aiki, ya kai wa maɗaba'a ko ofishin da'awa, a tambaye shi takardar izini, babu. Ko kuma ya tarar an riga an ba wani haƙƙin fassarar Hausa. Don haka a nemi izini kafin a fara. Wasu manyan malamai suna da gidauniya da ke kula da ayyukansu bayan rasuwarsu, kamar ta Shehu Ibn Usaimin da ke Unaiza, kuma irin waɗannan sukan so su duba fassarar kafin ta fita, abin da ma kariya ne ga mai fassara. Idan ka samu izini ka yi aikin, fassarar taka ita ma tana da kariyarta, ba mai sake buga ta sai da yardarka. Wannan ya shafi fassarar ma'anonin Alƙur'ani ma: nassin ba mallakar kowa ba ne, amma lafazin Hausar da Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya zaɓa aikinsa ne, a jingina masa, kada kuma a sauya masa kalma a bar sunansa a kai.

Kafin a rubuta wa kowa, a buɗe bayan shafin take a karanta. Littattafan da'awa da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da jumlar cewa an yarda kowane Musulmi ya buga don rabawa kyauta, ba tare da ƙari ko ragi ba. Wannan izini ne, amma mai sharaɗi: ba sayarwa, ba sauyawa. Ko ya haɗa da fassara, lafazin jumlar ne zai nuna, idan bai ambata ba a tambaya. Haka lasisin Creative Commons da ake gani a maƙalu da hotuna. Mai alamar BY yana son a ambaci mai shi, NC ya hana kasuwanci, SA ya ce abin da ka gina a kai ka sake shi da irin lasisin, ND kuwa ya hana yaɗa abin da aka sauya, kuma fassara sauyi ce. Maƙala mai ND za ka iya raba ta yadda take, amma ba za ka iya yaɗa Hausarta ba sai ka nemi izini daban.

Lacca da darasi na baki su ma suna cikin abin da dokar ta kare. Naɗar muryar malamin da ke koyar da kai a aji sai da yardarsa, yardar naɗa don muraja'a kuma ba yardar sakawa a Facebook ba ce. Masu yanko bidiyon malamai su ɗora fassarar Hausa a kai su san cewa rubuta «haƙƙin mallaka na masu shi ne» a ƙasa ba ya hana komai. YouTube yana da na'urar Content ID da ke gane sauti da hoto da kanta, kuma gargaɗi uku na keta haƙƙi suna iya rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Sau da yawa ma ba maganar malamin ce ke jawo ƙorafin ba, nashidar da aka shimfiɗa a ƙarƙashi ce ko hoton wata tashar talabijin.

Ɗaliban kimiyya da injiniya da likitanci, naku ya fi zuwa ta jadawali da zane da taswira. Bayanan da ke cikin jadawali ba mallakar kowa ba ne, domin dokar ta cire tunani da hanyoyin aiki da tsurar gaskiya daga kariya, kamar yadda ta cire dokoki da hukunce-hukuncen kotu da takardun hukuma. Zanen da aka yi da su shi ne mallakar mai shi. Za ka iya ɗaukar alƙaluman ka zana naka, ka rubuta inda ka samo su. Sa zanen wani a allon gabatarwa a aji don bayani ya shiga rangwamen koyarwa. Amma ranar da risalar za ta zama maƙala a mujalla ko littafi a kasuwa, ko za a ɗora ta a rumbun jami'a da kowa ke shiga, sai an nemi izinin kowane zane da aka ɗauko yadda yake. Manyan maɗaba'u suna da maɓallin neman izini a shafin kowace maƙala, kuma don risala sau da yawa ba sa karɓar kuɗi. A kula da wani abu kuma: maƙalar da kai ka rubuta, idan ka sa hannu ka miƙa haƙƙinta ga mujalla, ba taka ba ce kuma a doka. Ka karanta takardar ka ga ko ta bar maka damar sa ta cikin risala, da irin kwafin da aka yarda ka ɗora a intanet.

Takardar neman izini ba ta buƙatar lauya. Ka faɗi sunanka da jami'arka da matakin karatunka, ka ambaci aikin da bugunsa da ainihin shafukan ko lambar zanen, ka bayyana inda zai fito da harshen da zai fito da shi, kwafi nawa, a takarda ko a intanet, sayarwa ko kyauta, a wace ƙasa. Ka aika wa maɗaba'a tukuna, domin galibi ita ke riƙe da haƙƙin bugu, ka kuma sanar da mawallafi. Ka fara da wuri, don amsa takan ɗauki makonni. Shiru ba izini ba ne, «ba komai» na baki a harabar masallaci kuma ba ya zama hujja idan magada suka zo daga baya. A samu a rubuce, ko da saƙon imel ne, a adana.

Mun san wasu za su ce ilimin addini ba a mallakarsa, su kawo hadisin da ya yi gargaɗi ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. An yi wannan muhawara tsakanin malaman zamani, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke matsaya a zamanta na biyar a Kuwait, a watan Disamba 1988, cikin ƙuduri mai lamba 43: haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, masu shi suna da ikon sarrafa shi, ba ya halatta a yi ta'adi a kansa. Mu dai muna ganin wanda ya buga littafi ya kai kasuwa da ɗakin karatu bai ɓoye ilimi ba. Kuma mai tahƙiƙin da ya shekara goma yana gwada rubuce-rubucen hannu, idan bugunsa ya bazu a Telegram mako ɗaya da fitowa, maɗaba'ar ba za ta sake zuba kuɗi a irin wannan aiki ba.

Hukuncin da dokar 2003 ta tanada ya fara daga gargaɗi, zuwa tara da ba ta wuce riyal 250,000 ba, da rufe shago har wata biyu, da ƙwace kwafe-kwafen, da ɗauri har wata shida, ana kuma iya ninkawa ga wanda ya maimaita, ban da diyyar da mai haƙƙi zai nema. Gaskiya masu shago da masu yaɗawa da yawa aka fi bi da wannan. Abin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne kwamitin ladabtarwa na jami'a, kuma ga baƙon da iƙamarsa, wato izinin zamansa, ke rataye da gurbin karatunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsadar littafi gaskiya ce, kuɗin mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, kuma ba ya kai ko'ina. Amma ɗalibi a ƙasar nan yana da abin da takwaransa na gida yake nema ido rufe. Laburaren intanet na Saudiyya, SDL, yana buɗe wa ɗaliban jami'o'in gwamnati mujallu da littattafai da risaloli masu tarin yawa da lambar ɗalibi kawai, kuma da yawa har su gama ba su taɓa shiga ba. A kiyaye sharaɗinsa: ba a ba wani kalmar sirri, ba a sauke mujalla gaba ɗaya a zama guda, domin maɗaba'a takan toshe jami'a dukkanta saboda mutum ɗaya. Ga ɗakin karatu na Masallacin Annabi, ga na Harami a Makka, ga na Sarki Fahad a Riyad. Ga DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta. Maƙalar da ba a samu ba a rubuta wa marubucinta, yawancinsu suna turowa da murna. Ɗalibai makafi kuma yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Saudiyya da Nijeriya duk suka shiga, an yi ta ne domin a iya mayar musu da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti, sai su nemi ofishin masu buƙata ta musamman na jami'arsu ya yi musu ta wannan hanya.

Masu shirin komawa gida su buɗe makaranta ko su shiga koyarwa, Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023. Sashe na 20 nata ya fi na Saudiyya faɗi, ya ambaci nazari na kai da bincike da ba na kasuwanci ba da sharhi, ya kuma ɗauko ma'aunai huɗu irin na Amurka. Amma bai ba mai makaranta damar buga littafin wani ya sayar wa ɗalibai a matsayin manhajar aji ba, kuma izinin fassarar da aka karɓo a nan a tabbatar an rubuta Nijeriya da Nijar a cikinsa kafin a hau jirgi.

Wassalamu alaikum.

Wasu ɗaliban karatu mai zurfi a fannin shari'a da doka,
Madina, Saudiyya.